Alƙalamin Namiji Da Na Mace A Labarin Ɗakin Aure: Abin Da Nake Gani Daga Madarunfa

Duk lokacin da aka taso da zancen littattafan batsa da ke yawo a wayoyin yaranmu, hukuncin da na fi ji daga bakin maza shi ne wai mata marubuta ne suka ɓata harkar. In hira ta koma tsakar gida kuma, sai mata su ce ai maza ne ke ɓuya bayan sunayen mata suna rubuta ƙazanta. Ni malamar makaranta ce a nan Madarunfa, uwa ce kuma ga ɗiya mata uku da namiji ɗaya, na kuma shafe fiye da shekara 25 ina karanta littattafan Hausa, na maza da na mata. Abin da na gani shi ne lalle akwai bambanci tsakanin yadda namiji ke rubuta sha'awa da yadda mace ke rubuta ta. Uba ko malamin da bai san wannan bambanci ba zai yi ta faɗa da yarinya a kan littafi, bai kuwa san abin da ta je nema a cikinsa ba.

Sai na fara da yadda littattafan nan suka shigo mana. Mu nan Katsina ta fi kusa da mu a kan Yamai, wadda tafiyarta ta haura kilomita 600. Ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya kaya ke shigowa, kuma a shekarun 1990 cikin jakunkunan ƴan kasuwa, tare da atamfa da kaset, ƙananan littattafan soyayya na Kano suka riƙa iso mu. A lakwal da Faransanci aka koyar da mu, ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana ƙa mai lanƙwasa ko ɗa mai ƙugiya. Da yawa daga cikin tsararrakina a cikin waɗannan littattafai muka koyi karatun Hausar boko. Wadda ta fi iyawa ta karanta a bayyane, saura su kewaye ta suna tsinkar zogale ko suna kitso. Yau ma haka abin yake, sai dai waya ta maye gurbin takarda, wadda ba ta iya karatu ba kuma tana sauraren labarin a YouTube. A 2025 hukumomin ƙasarmu sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu babban malamin karatun Hausa ga ƴan matanmu shi ne littafin soyayya. Shi ya sa nake ganin dole mu san abin da ke ciki.

Mu ɗauki na maza tukuna. Tun a Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a tsakiyar shekarun 1930, an shimfiɗa hanyar da maza da yawa suka bi daga baya. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya aure ta, sai labarin ya bi Abubakar da ɓacin ransa da neman fansarsa. Zainab ce sanadin komai, amma ba a tsaya an zauna da ita a ɗakin da aka kai ta an ji yadda take kwana da tashi ba. Bayan shekara hamsin da wani abu, a 1991, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, littafin da babu gidan masu karatu a nan da bai shiga ba. A ciki Sumayya tana da murya da zuciya, har ta faɗa rijiya don kada a aura mata wanda ba ta so. Duk da haka, ƙashin bayan labarin shi ne neman aure: talaka da mai kuɗi, wa zai samu. Da an ɗaura wa masoya aure, labari ya zo ƙarshe.

Haka na ga yawancin maza suna yi. Namiji da ido yake rubutu. Zai tsaya ya siffanta budurwa tun daga gashi har tafin ƙafa, farin ido, wushirya, tafiya, kamar dillalin da ke yabon kaya. Abin da ke tsakaninsa da ita shinge ne da za a tsallake, ko uba ne, ko talauci, ko wani alhaji mai mota. Idan marubucin mai kunya ne, sai ya ja labule a daren farko. Idan marar kunya ne, irin na wayoyin yanzu, sai ya ɗaga labulen, amma abin da zai nuna bai wuce gaɓoɓi da bajintar namiji ba. Matar ba ta da jiya, ba ta da gobe. Ba za ka ji ta yi ciki ba, ba za ka ji ta kwana da zazzaɓi ba, ba za ka ji me ta ce wa uwarta da gari ya waye ba.

Wannan kallo na maza ya girmi boko. Malaman Larabawa sun yi rubutu a kan saduwar aure ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Shehu Nafzawi ya rubuta Raudul Aɗir a Tunis a ƙarni na 15. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, yana da littafi a kan fa'idojin aure mai suna Al-Wishah. Wannan ya nuna magana a kan abin ba baƙuwa ba ce a wajen malamai. Amma duk cikinsu namiji ne ke koya wa namiji, mace ita ce darasin.

Mata kuwa, daga inda maza suka ajiye alƙalami suke ɗauka. Hafsatu Abdulwaheed ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, inda budurwa ce da kanta ke zaɓe, ke kuma tsayawa a kan zaɓinta. Sannan Balaraba Ramat Yakubu ta zo, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama. A Wa Zai Auri Jahila? an aurar da Abu ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta, kuma daren farkon da namiji zai rubuta a matsayin ranar nasara, Balaraba ta rubuta shi a matsayin ranar tsoro da ƙarfa-ƙarfa. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, sha'awar Alhaji Abdu ce ta kawo Delu gidan, amma ba a wajen Alhaji muke zaune ba. Muna tare da Rabi, uwar ɗiya tara, muna lissafin kuɗin cefane da ita, muna sayar da abinci da ita bayan an kore ta. An fassara wannan littafi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012, har mutanen da ba su taɓa taka Kano ba suka gane Rabi.

Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta bi wata hanyar. Tun daga Allura Cikin Ruwa, matanta masu ilimi ne, masu addini, kuma ba sa jin kunyar son mazansu. A wajenta da ire-irenta na fara ganin an rubuta cewa matar aure ma tana da buƙata, tana marmarin a yi hira da ita, a yaba girkinta, a lura ta yi lalle. In namiji da ido yake rubutu, mace da kunne da hanci take yi. Tana jin takun maigida ta san ɗakin wa ya nufa. Tana ƙirga kwana. Turaren wuta da humra da sabon ɗinki duk suna cikin zancen, haka ma kalmar da aka faɗa mata da wadda aka hana ta. Sha'awa a rubutun mace ba ta rabuwa da kishiya, da uwar miji, da ciki da goyo, da tsoron takardar saki. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san wannan murya daga Mariama Bâ ta Senegal, a littafinta Une si longue lettre na 1979, inda Ramatoulaye ke ba aminiyarta labarin yadda mijinta ya auri ƙawar ɗiyarsu. Ranar da na fara karanta Balaraba, sai na ji kamar ƙanwar Ramatoulaye ce ke magana da harshen gidanmu.

Kada a ɗauka ina cewa abin a jini yake. Wurin zama ne ya bambanta. Namiji in ransa ya ɓaci sai ya saka takalmi ya tafi majalisa ko bakin tafki, yana da damar ƙara aure, yana da damar saki. Mace tana nan cikin gida huɗu da abin da dare ya bar mata. Kowa abin da ya gani daga inda yake zaune yake rubutawa. Namijin da ya yi haƙuri ya saurara yana iya rubuta mace daga cikinta. Abubakar Adam Ibrahim ya gwada haka a littafinsa na Turanci, Season of Crimson Blossoms, na 2015, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016. Ya ɗauki bazawara mai shekara 55, Hajiya Binta, ya bi kaɗaicinta da sha'awarta da nadamarta, bai kuma ɓoye abin da kuskurenta ya jawo ba. Ko mutum ya yarda da labarin ko bai yarda ba, zai ga marubucin ya ɗauki matar a matsayin mutum.

To, ina matsalar take a yau? Ba zan rufa wa ƴan uwana mata asiri ba. Littattafan da ake rubutawa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mafi yawansu da sunayen mata suke fitowa, kuma cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma waɗanda uwa ba za ta iya karanta layi biyu a gaban ɗiyarta ba. Tsarin kasuwar ne ke tura su. Ana sakin shafukan farko kyauta, in labari ya kai inda zuciya ke bugawa sai a ce a biya, har da lambar da mu ƴan Nijar za mu tura kuɗi ko katin waya. Marubuciya ta lura duk shafin da ya fi tsiraici shi ya fi kawo masu biya, sai ta ƙara gishiri.

Amma ko a cikin batsar, bambancin nan bai ɓace ba, kuma kowane da irin gubarsa. Ta namiji a fili take: mace kaya ce, a ɗauka a ajiye. Ta mace ta fi ɓoyuwa, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro. Labari ɗaya ake ta maimaitawa da sunaye daban-daban. Attajiri ne, matashi, kyakkyawa, miskili, ba ya dariya. An aura masa yarinya ƴar talakawa, ko mai aikin gidansu. Ya wulaƙanta ta, ya mare ta, wata rana ya afka mata da ƙarfi tana kuka tana roƙo. Bayan shafi talatin sai ga shi ya narke, yana ba ta abinci a baki, ya kai ta Dubai. Abin da Balaraba ta kira zalunci da sunansa, a nan an naɗe shi cikin leshi an kira shi mafarin soyayya. Yarinya ta karanta ta koyi cewa wuya alamar so ce, in ta yi haƙuri azzalumi zai zama masoyi. Yaro ya karanta, don samari ma suna karantawa a ɓoye, ya koyi cewa “a'a” ɗin mace ba ta da nauyi, tun da ga mace da kanta ta rubuta haka.

Wannan ba zancen adabi kawai ba ne a wajenmu. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. Ma'ana, yarinyar da ke gabana a aji tana shirin BEPC, mai yiwuwa baɗi war haka tana ɗakin miji. Abin da ta sani game da wannan ɗaki, daga ina ta same shi?

A da akwai masu wannan aiki. Uwa ba ta iya magana saboda kunya, musamman ga ɗiyar fari, amma akwai gwaggo, akwai kaka mai wasa da jika, akwai arwanka da ke zama da amarya kwanakin lalle. Yanzu gwaggo tana Maraɗi ko Yamai, kaka ta tsufa, kwanakin biki sun koma na hoto da anko. Nasihar da ta rage ba ta wuce “yi na yi, bari na bari” ba, sai ƙullin kayan mata da ake cusa wa amarya a akwati ba bayani. A makarantar allo da Islamiyya ana karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, inda aka yi maganar haila da janaba ƙarara, amma sau da yawa malami na zuwa wurin sai ya yi sauri ya wuce, yara na sunkuyar da kai.

Wata shekara an kama waya a hannun wata ɗalibata, aka kawo mini don ni ce mace a cikin malaman da ke nan ranar. Na duba na ga irin labarin da na faɗa a sama ne. Da muka keɓe na ce mata, “Ɗiyata, me kike nema a cikin wannan?” Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Madam, an sa ranata bayan salla. Inna ba ta ce mini komai ba. Wa zan tambaya?” Ba ni da amsar da ta wuce in zauna da ita, na kuma nemi gwaggonta muka yi magana ta manya. Tun daga nan, duk yarinyar da aka kawo mini da irin wannan laifi, tambayar da nake fara yi ke nan, kuma amsoshin ba sa nisa da juna. Wasu daɗin labarin suke bi, ban musa ba. Amma da yawa tsoro ne ke kai su, suna son su san abin da ke jiran su. Samari kuwa, in abokan aikina maza suka zauna da su, abin da ke fitowa daban ne: suna tsoron kada a ce ba su cika maza ba. Ka ga kowane ya tafi wajen marubucin da ke amsa irin tsoronsa.

Wasu iyaye na cewa a hana kawai. An gwada a Kano. Tun a shekarun 1990 masana irin su Ibrahim Malumfashi, wanda ya kira su adabin kasuwar Kano, da Abdalla Uba Adamu, wanda ya tsaya musu, suka yi ta muhawara a jaridu a kan darajar waɗannan littattafai. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafai a wata makarantar ƴan mata, daga baya hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu kafin a buga. Ba na shakkar niyyar masu yin haka. Amma littafin da aka ƙona yana da sunan marubuci a bango, ana iya zuwa a same shi a yi masa magana. Wanda ya gaje shi a waya ba shi da bango, ba shi da adireshi, yana shigowa ɗakin ɗiyarka ƙarfe biyu na dare kana barci. Hani yana da wurinsa, ni ma ba na barin waya ta kwana a ɗakin yarana. Sai dai hani ba ya amsa tambaya, yarinyar da aka ƙwace wa waya tana nan da tambayarta.

Ga abin da nake yi, a gida da makaranta, ko wani zai amfana. Ina karanta abin da suke karantawa, ko da babi uku ne, don ba a yi wa maciji shari'a da jin labari. Sannan ba na tambayar ko mace ce ta rubuta ko namiji, tun da suna a waya ba shaida ba ne. Abu uku nake dubawa, na kuma koya wa manyan ɗiyana su duba da kansu. Matar da ke cikin labarin, an nemi yardarta, ko kuwa an mai da kukanta ado? Abin da aka aikata cikin dare, yana da sakamako da safe, ko an share shi da kyautar mota? In aka cire shafukan tsiraicin, akwai sauran labari, ko buhun ya zube? Littafin da ya faɗi waɗannan uku ba ya zama a gidana, ko wa ya rubuta shi. Wanda ya tsallake, ko da ya taɓo abin da muke jin nauyi, nakan bar babbar ɗiyata ta karanta, mu tattauna muna tankaɗe. Da Wa Zai Auri Jahila? muka fara, kuma abin da ban iya faɗa mata da bakina ba, Abu ta faɗa mata.

Ga iyaye maza da malamai maza ina da roƙo na musamman. Kun bar mana tarbiyyar ƴan mata, to samarin fa? Ɗana namiji ba zai ji wannan magana daga gare ni ba, kunya ba za ta bar mu ba. Mahaifinsa ne ko kawunsa zai gaya masa cewa amaryar da za a kawo masa wata rana ɗiyar wasu ce, a tsorace za ta zo, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautata wa mata. Zan so kuma ku daure ku karanta littafi ɗaya na mace daga farko har ƙarshe. Maigidana ya daɗe yana kiran su tatsuniyar mata, har ranar da ya ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne don ya rage dare. Bai ce mini komai a kai ba, amma na ga ya ba ƙaninsa da ke shirin ƙara aure.

Marubuta mata kuma, ƴan uwana, ku ne kuka fi kowa sanin abin da ke bayan labule, shi ya sa yaranmu suka yarda da ku fiye da yadda suka yarda da mu malamansu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin abin da alƙalaminku ke iyawa in kun so. Ba na ce ku daina rubuta ɗakin aure ba, don in kun daina, maza kaɗai za a bari su ba da labarinsa, mun kuma ga inda nasu ke tsayawa. Ku rubuta shi da gaskiyarsa, yadda Balaraba ta yi, da daɗinsa na halal yadda Anti Bilki ta yi. Ku tuna akwai yarinya mai shekara 16 a wani ƙauye kusa da tafkin Madarunfa da aka sa wa rana, tana karanta ku a ƙarƙashin mayafi, ta kuma ɗauki duk abin da kuka rubuta a matsayin yadda aure yake.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana.